Ina Awa 1,200 Ɗinmu Suke Shigewa?

Yau da lissafi za mu fara, don haka wanda ya tsere wa darasin lissafi tun sakandare ya yi haƙuri, ba mai wuya ba ne.

A jami'o'in Ingila, ɗalibin digirin farko yana ɗaukar kiredit 120 a shekara, kuma a ƙa'ida kowane kiredit ɗaya daidai yake da awa 10 ta karatu. Awa 1,200 ke nan a shekara. In ka raba su a kan mako 30, wanda shi ne kusan tsawon shekarar karatu in an cire hutu, za ka samu awa 40 a mako, daidai da ma'aikacin ofis. To ɗauko jadawalinka ka duba. Nawa dai na bana awa 12 ne a mako, lacca da komai da komai. Sauran awa 28 ɗin fa? Su ne waɗanda jami'a ta ɗauka kana can laburare ko ɗakinka kana yi da kanka. Ba mai kiran suna, ba mai leƙo ka, ba wanda zai bugo wa Abba waya ya ce yau ba a gan ka ba kamar yadda ake yi a sakandare. Sai watan Mayu ya kama, takardar jarrabawa ta tambaye ka inda ka kai su.

Awoyin nan kuwa ba kyauta ba ne. A shekarar karatu ta 2025/26 kuɗin makarantar ɗan ƙasa a Ingila ya kai fam 9,535. Raba shi da 1,200, kusan fam 8 ke nan kowace awa, ko ka yi karatun ko ba ka yi ba. Yawancinmu kuma bashi ne. Waɗanda suka shiga jami'a daga 2023 za a riƙa cire masu kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura fam 25,000 a albashinsu na shekara, kuma ba a yafe ragowar sai bayan shekara 40. Wato bidiyon magen da ka kalla jiya da azahar a laburare, ba mamaki kana da furfura kana biyan kuɗinsa. 'Yan'uwanmu da suka zo daga gida da bizar karatu kuwa, nasu kuɗin ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa wani fili ko gida aka sayar kafin a haɗa shi.

Na san abin da za a ce: ai ba lokaci. Mako dai awa 168 ne ga kowa. Cire 56 na barci, cire 40 na karatu, cire kamar 15 na ɗan aikin da ake yi a kanti ko sito don a samu na kashewa, har yanzu da sauran awa 57. A ciki a yi salla, a ci abinci, a hau bas, a yi wanki, duk da haka sai an samu rara mai yawa. In kana son sanin inda rarar take shigewa ba sai ka je wurin boka ba, wayarka ta rubuta komai. Tun 2018 Apple suka saka Screen Time a iPhone, Google ma suka saka Digital Wellbeing a Android. Buɗe ka duba na makon jiya. Abin da na fi so ka duba ma shi ne sau nawa ka ɗauki wayar a rana, don wannan lambar ta fi ta awoyi tona asiri.

Dalili kuwa shi ne, ɓarnar ba a yawan mintocin kaɗai take ba, a yadda ake yayyanka su ne. Wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe kusan shekara ashirin tana auna tsawon lokacin da mutum yake tsayawa a kan abu ɗaya a sikirin kafin ya tsallaka wani. A 2004 ta samu kusan minti biyu da rabi. A 2012 ya dawo daƙiƙa 75. A 'yan shekarun baya ya sauko wajen daƙiƙa 47. Wata mai bincike kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in ka bar aiki ka koma wani, hankalinka ba ya biyo ka gaba ɗaya, wani ɓangare yana maƙale a na baya, musamman in ba ka ƙarasa shi ba. Ka karanta saƙon da aka ce an kwantar da wata Gwaggo a asibiti, ko na wata rigima da ta ɓarke a guruf, ka ajiye wayar ka koma littafi. Idonka na kan shafi, kai kuwa kana can. Hausawa sun riga turawa faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Awa uku a laburare da waya a gefen littafi ba ta kai awa ɗaya ta gaskiya ba, sai dai ka fito a gajiye kana jin kamar ka yi wani abu.

Kada kuma kowa ya ɗauka raunin zuciyarsa ne shi kaɗai. An gina abubuwan nan ne don su riƙe mutum. Tun shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya lura da tattabaru a keji: in kowane saran maɓalli yana kawo ƙwayar hatsi, tattabara takan ci ta ƙoshi ta huta, amma in hatsin yana zuwa jefi-jefi ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta sara ba ji ba gani. Injin caca haka yake aiki, jan sikirin ƙasa da babban yatsa don ganin ko wani sabon abu ya shigo shi ma haka. Shafin nan da ba ya ƙarewa, wanda kana ja yana ƙara zuwa, Aza Raskin ake dangantawa da ƙirƙiro shi a 2006, kuma shi da kansa daga baya ya fito ya nuna nadama. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa ƙarara cewa barci na cikin abokan gasarsu. Ka ji fa. Mutum ya gaya maka da bakinsa barcinka yake nema, kai kuma ka kwanta da shi a ƙarƙashin filo.

Duk wannan kowane ɗalibi yana fama da shi, baƙi da fari. Abin da ya sa na ɗauko zancen a nan shi ne, mu muna da wani kaya na daban a kai, wanda littattafan turawa masu koyar da tsara lokaci ba su san da shi ba.

Ɗauki wayar duk wani Bahaushe ko Bahaushiya da aka haifa a nan ka ƙirga guruf-guruf na WhatsApp. Akwai na gida, mu da Umma da Abba. Akwai na dangin Umma, akwai na dangin Abba, akwai na jikoki wanda aka buɗe don a riƙa gulmar na manya. Akwai na bikin da aka yi tun bara wanda har yau ba a rufe ba, akwai na ankon bikin da za a yi, akwai na 'yan asalin gari mazauna Birtaniya, akwai na islamiyya. Ga kuma abin da ya fi: danginmu a warwatse suke. Lokacin sanyi, in ƙarfe 5:30 na asuba ta yi a Jidda, Kawu ya tashi ya fara turo gaisuwar safiya da hoton fure, a Landan ƙarfe 2:30 na dare ne, a Bronx kuwa 9:30 na dare, Yaya ta dawo daga aiki ke nan hira ta fara. Kafin su kwanta mutanen Kano da Damagaram sun tashi, Kumasi na biye. Majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi, komai daɗin hira, dare na yi ake watsewa. Wannan majalisar ba ta tashi.

Ga saƙon murya. Allah ya saka wa wanda ya kawo sauraro da sauri biyu a 2021, amma Gwaggo ta fi shi dabara, minti tara take yi, huɗun farko gaisuwa ne. Ba ka isa ka tsallake ba, don ba ka san ko a minti na bakwai ne za a ce wane ya rasu ba. Ga shuɗin layi biyu da WhatsApp suka kawo a 2014, waɗanda suka zama shaidar kotu a cikin dangi: “Na ga ka gani, ba ka amsa ba.” Ko ka kashe su a hirar mutum biyu, a guruf ba sa kasuwa, kowa na iya dubawa ya ga ka karanta. Ga kalmar nan da muke tsoro fiye da faɗuwa jarrabawa, a ce “ya zama Bature,” ko “an haife su a can, ba su san zumunci ba.” Saboda tsoron wannan kalma yarinya za ta tsaya tsakiyar rubutun da za ta miƙa gobe da ƙarfe 12, ta amsa “Amin Gwaggo, na gode” sau goma sha biyar.

Littafin Bature zai ce maka ka goge manhajar, ka fita daga guruf, ka gaya wa mutane kai tsaye cewa lokacinka naka ne. Gwada wannan da Baffa ka gani. Ko da yake tun 2022 in ka fita guruf masu kula da shi kaɗai ake sanar wa, ai mai kula da shin ita ce Gwaggo. Kafin magariba maganar ta iso wurin Umma, kuma lokacin da za ka ɓata a ba da haƙuri ya fi wanda ka yi niyyar tserarwa. Ni ma ban yarda da shawarar ba, ko da za ta yiwu. Wayar nan ita ce igiyar da ta rage tsakaninmu da gida. Da yawanmu Hausar da muke ji, bayan ta kicin, daga saƙonnin muryar nan muka tsince ta, da Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa. Wanda ya yanke duka don ya samu digiri mai daraja ta ɗaya, ya wayi gari ba ya iya gaisawa da kakarsa, ban ga ribar da ya ci ba.

Abin da nake gani shi ne mun haɗa abu biyu wuri guda: zumunci, da amsa saƙo nan take. Da can ana cewa zumunci a ƙafa yake. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan a shekarun 1980 da 1990, wasiƙa suke rubutawa, ko su ɗauki magana a kaset su ba matafiyi, daga baya aka samu katin waya da ake kankarewa, a kira gida sau ɗaya a mako ko a wata, ana magana ana kallon agogo. Ba wanda ya ce sun yar da dangi. Su suka gina gidaje a can, su suka biya kuɗin makarantar ƙanne. Ashe ba saurin amsa ne ma'auni ba. Kira ɗaya na minti ashirin ranar Lahadi, ka gaida Hajiya da kyau, ka tambayi ƙafarta, ka bar ta ta ba ka labarin wanda ya haihu da wanda ya yi aure, ta gyara maka Hausa tana dariya, wallahi ya fi mata hoton hannu ɗari da za ka manna a guruf. Ita wannan za ta riƙa faɗa wa maƙwabta.

Don haka guruf ɗin dangi ba fita za a yi ba, rufe masa baki za a yi. Ana iya sa shi ya yi shiru na awa 8, ko mako guda, ko har abada, ba wanda zai sani. A tura shi ma'ajiya inda ido ba zai riƙa faɗawa kansa ba, a sa masa lokaci kamar yadda ake sa wa cin abinci, sau ɗaya bayan la'asar, sau ɗaya bayan isha'i, a karanta, a yi barka inda ake barka, a yi ta'aziyya inda ake ta'aziyya, a rufe. In abin gaggawa ne na gaske, mutuwa ko asibiti, mu duka mun san ba a guruf za ka fara ji ba, Umma za ta kira. Wayoyin yanzu kuma duk suna da tsarin da zai toshe komai ya bar kiran mutanen da ka zaɓa ya shigo. Sa Umma, sa Abba, sa ƙanin da kake ɗaukowa daga makaranta. Sauran duniya ta jira ƙarfe biyar.

Sai babbar dabara, wadda ba za ka same ta a littafin kowa ba: kada ka kare kanka da kanka, ka sa Umma ta kare ka. In kai ka ce wa Gwaggo kana da aiki, rashin kunya ne. In Umma ta ce “ku yi haƙuri da shi, jarrabawa yake, ku sa shi a addu'a,” ka zama abin alfahari, har a riƙa yi maka fatan alheri a guruf ɗin da kake gudu. Amma sai Umma ta san abin da ake ciki. Iyayenmu da yawa ba su yi jami'a a nan ba, wasu ba su yi ba sam. In sun ga ka a gida ranar Laraba da hantsi, a wurinsu ba ka da makaranta ke nan, sai a miƙo maka takardar ƙaramar hukuma ka karanta, ko a ce ka raka Anti asibiti ka yi tafinta. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa yi masu lissafin awa 1,200 ɗin nan. Zauna da su, cikin ladabi, bayan an ci abinci ba lokacin da aka aike ka ba. “Umma, kin ga takardar nan, lacca awa 12 ce, amma malamai sun ce sai na ƙara 28 da kaina. Ina so Talata da Alhamis in wuni a laburare, duk abin da ake so in yi a tara mini zuwa Asabar.” Uwar da ta bar garinsu ta zo ta sha sanyin ƙasar nan don ka yi karatu, da wuya ta ƙi wannan.

A nan dole in tsaya a kan 'yan'uwanmu mata, musamman 'yar fari. Abin da ke cin lokacinta sau da yawa ba TikTok ba ne. Ita ce mai cike fom, ita ce mai kai ƙanne islamiyya ranar Asabar, ita ce mai tuƙa tuwo in baƙi sun zo, ita ce mai tattara kuɗin anko. Ƙaninta namiji yana ɗaki da na'urar wasa a hannu, an ce a bar shi yana hutawa. In aka zo maganar “rage abubuwan da ke ɗauke hankali” aka haɗa su biyun a layi ɗaya, an yi mata rashin adalci. Samari, ku da kuke karanta wannan, awa biyun da za ku tserar daga waya, ɗaya ta Yaya ce. Ɗauki fom ɗin ka cike, Turancinku ɗaya.

Tunda na taɓo samari, bari in ƙarasa. Ƙwallo minti 90 ce. Amma ƙwallon Bahaushen Landan tana farawa tun Juma'a da hasashe, ta bi ta Asabar da Lahadi, ta ƙare Talata da musu a guruf kan alƙalin wasa, sai gasar Turai ta karɓa. Kalli wasan ƙungiyarka, ba wanda ya hana, musun ne ɓarawon. Akwai kuma abin da ba ma faɗa a fili, don kunya da sanin hukuncinsa: caca ta waya. Tallarta na ko'ina a wasan, ana farawa da fam biyu “don wasan ya yi armashi,” a ƙare da kuɗin hayar ɗaki. Wannan ba lokaci kaɗai yake ci ba, kuma mai yinsa ba ya iya gaya wa kowa a gida, shi ya sa yake daɗewa. In kai ne, ko abokinka, akwai Gamstop, kyauta ne, ka yi rajista sau ɗaya a toshe ka daga duk kamfanonin caca na intanet masu lasisi a Birtaniya, na wata 6, ko shekara 1, ko shekara 5, kuma ba ka isa ka janye ba kafin wa'adin ya cika. Yawancin bankuna ma suna da maɓalli a manhajarsu da ke hana kati biyan kuɗin caca. Ba sai kowa ya sani ba.

Abin da ya sa Gamstop ke aiki shi ne bai dogara da ƙarfin zuciyarka na ƙarfe ɗayan dare ba. Ka yanke shawara da rana kana cikin hayyacinka, ka kulle ƙofa, ka jefar da makulli. Haka ya kamata a yi da sauran. Sabo turken wawa ne, kuma turke ba a tsinke shi da alkawari. A 2017 wasu masu bincike, cikinsu har da Adrian Ward na Jami'ar Texas, sun gwada ɗalibai kusan 800: wasu waya a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari a gwajin. Wasu da suka maimaita binciken daga baya ba su samu sakamako iri ɗaya ba, don haka ba zan rantse da shi ba. Amma ba sai da farfesa ba kafin a san cewa wayar da ke cikin akwatin ajiya a ƙasan laburare ta fi wuyar ɗauka a kan wadda ke gefen biro. Hawa biyu na bene sun isa su sa ka ce bari dai in ƙarasa shafin nan.

Haka batun dare. Caja ta koma falo ko kicin, a sayi agogon ƙararrawa na 'yan fam kaɗan, shi ke nan an kashe uzurin “ai da ita nake tashi asuba.” Fim ɗin Hausa kuma a daina kallonsa a gado mutum shi kaɗai, inda kashi ɗaya ke jawo na biyu har ƙarfe uku. A kalle shi a talabijin ɗin falo tare da Umma, kashi ɗaya, tana fassara maka karin maganar da ta wuce ka, tana faɗa wa 'yan wasan abin da ya kamata su yi. Ka samu Hausa, ka samu hira da mahaifiyarka, kuma akwai mai cewa a kashe a kwanta.

Masu son tsari sukan yi amfani da dabarar wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, wanda tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa saita agogon kicin mai siffar tumatir: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Tana taimakawa wurin farawa, musamman ranar da littafin ya yi maka kwarjini. Ni dai na fi ganin amfanin yankan da muke da shi tun asali, wato tsakanin salla da salla, ko da yake ƙasar nan takan wasa da shi. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk sun cunkushe cikin kamar awa huɗu, a Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 ake magariba. Saboda haka lokacin sanyi kada ka sa ran wani dogon karatu da rana tsaka. Dogon fili yana tsakanin asuba da azahar, sannan bayan isha'i, wadda ake yi da wuri. Kuma safiyar nan tana da wata fa'ida: mutanen Amurka suna barci, na gida sun fita kasuwa da ofis, guruf ya ɗan lafa. Wanda ya ba littafi ƙarfe 8 zuwa 11 kafin ya buɗe WhatsApp, ya riga ya ci rabin ranar. In ya yi haka kwana biyar, awa 15 ke nan daga cikin 28 ɗin da muke nema.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen kwana 21. Phillippa Lally da abokan aikinta a University College London sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi sabuwar ɗabi'a ɗaya yana yi kullum. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna a tsaka-tsaki sai da aka kai kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi burge ni a binciken, tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Wannan ya dace da mu, don ranar suna ko ranar da baƙi suka sauka daga filin jirgi da jakunkuna shida, ba wani jadawali da zai tsira. A yi hidimar baƙi da fuska a sake, a ci kilishin da suka kawo, gobe a koma. Kwana 66 kuwa bai kai zangon karatu ɗaya ba. In ka fara a makon farko na Oktoba, kafin hutun Disamba ka wuce wurin, in kuma a Fabrairu ka fara, ka isa kafin jarrabawar Mayu.

Abu ɗaya nake roƙo, kada a ɗauki duka a lokaci guda. Mai cewa daga gobe ba waya, ba ƙwallo, ba shisha, zai tashi ƙarfe biyar ya yi gudu ya haddace darasi, zuwa Alhamis za ka same shi a inda ka bar shi. Zaɓi ɗaya. In ni za a tambaya, caja ta fara fita daga ɗakin kwana, don ita ke gyara barci, barci kuma shi ke ba da safiyar. Maganar zama da Umma ta biyo baya, a ƙarshen makon nan in ya yiwu, kuma a tafi da jadawalin a buge a takarda, don iyayenmu sun fi yarda da abin da suka riƙe a hannu. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda aka kwashe, musamman abin da Gwaggo ta ce. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.